Kanwa ba ta da OH, to da me ta zama baz?

Wata ɗaliba ce ƴar ajin ƙarshe a lise, nan Damagaram, mai shirin bak, wato jarrabawar kammala lise, ta aiko da wannan tambayar:

“Mushe, ina wuni. A aji an ce mana asid shi ne mai ba da furoton, baz kuma mai karɓa. Na haddace amma ban gane ba. Tun muna kwaleji aka koya mana baz shi ne mai OH, kamar soda. To ga kanwa, na duba yadda ake rubuta ta, Na₂CO₃, babu OH, amma an ce baz ce. Ruwa kuma yau a ce asid ne, gobe a ce baz. Wanne za mu kama? Innata in ta jefa kanwa a miyar yakuwa sai miyar ta yi kumfa, tsamin ya faɗa. Shi ma aikin furoton ne?”

Lafiya lau, ɗiyata, Allah ya yi miki albarka. Ruɗewar nan ba laifinki ba ne ke kaɗai, mu malamai muna da kaso a ciki. Ni kaina na yi shekaru ina rubuta wa ƴan kwaleji a allo cewa baz shi ne mai OH, don ya fi sauƙin haddacewa, sai yaro ya hau lise a ce masa ya ajiye wancan ya ɗauki wani. Ba ƙarya aka yi muku a ƙaramin aji ba. Rigar ce ta yi wa maganar kaɗan, ta rufe soda ta masu sabulu, NaOH, ta bar kanwa a waje.

Sai kin san wane ne furoton kafin sauran su zauna miki. Atom ɗin idirojen, wanda maƙwabtanmu na Najeriya ke kira haidurojin, shi ne autan atom duka: furoton ɗaya a tsakiya, elektaron ɗaya a kewayensa. In aka raba shi da elektaron ɗin, abin da ya saura furoton ne tsirara, shi ake rubutawa H⁺. Ya fi atom ɗin da ya fito daga cikinsa ƙanƙanta fiye da sau 50,000, kuma duk cajinsa ya taru a wannan ɗan wurin da bai kai komai ba. Abu irin wannan ba ya iya zama shi kaɗai a cikin ruwa. Duk inda ya tarar da elektaron biyu zaune a jikin wani molekil, wato ƙullin atom da suka haɗu, ba su riƙe kowa ba, nan zai liƙe. Oksijen ɗin da ke cikin H₂O yana da irinsu, don haka furoton da ya shiga ruwa nan take ya zama H₃O⁺. In kin ga an rubuta H⁺ a maganar ruwa, gajarta rubutu ce kawai, H₃O⁺ ake nufi.

Tunda furoton ba ya zama a fili, asid ba shi da ikon ya sake shi haka nan ya tafi. Sai an samu hannun da zai amsa. Ki je Kasuwar Dole ki ga mai tumatir ya kasa kayansa tun safe: ba a ce ya sayar sai mai saye ya tsaya. Kuma mutumin nan da ya sayar da tumatir, in ya taka zuwa layin masu hatsi, shi ne mai saye. Ba a haife shi da ɗayan sunayen biyu ba, wanda ya tsaya gabansa ne ke ba shi suna. Asid da baz haka suke. Matsayi ne a cikin ciniki, kayan cinikin kuwa furoton.

Wanda ya kawo maganar OH wani ɗan ƙasar Suwidin ne, Svante Arrhenius, tun a aikinsa na digiri a 1884. A wurinsa asid shi ne mai sakin H⁺ a ruwa, baz mai sakin OH⁻. Babban ci gaba ne a lokacinsa, har ya samu kyautar Nobel a 1903. Amma bayaninsa bai fita daga cikin ruwa ba, kuma ya bar abubuwa irin su amoniyak da karbonat suna reto. A 1923 mutum biyu, Johannes Brønsted a Danmak da Thomas Lowry a Ingila, kowa a gefensa ba tare da sun haɗa kai ba, suka kawo wannan da ake koya muku yanzu: a daina duban abin da ke cikin rubutun sinadari, a dubi inda furoton ya tashi da inda ya sauka. Ki lura ma, rubutun OH yana yaudara ta ɗaya gefen. Asid ɗin da ke cikin binegar CH₃COOH ake rubuta shi, ga OH ƙuru-ƙuru a wutsiyarsa, amma asid ne.

Yanzu kanwa. Wadda ake kawo mana daga tafkunan ƙasar Manga, wajajen Gure da Maine-Sorowa, ba sinadari ɗaya ba ce. Akasarinta karbonat na sodiyom ne, Na₂CO₃, gauraye da bikarbonat, NaHCO₃, sai gishiri da ƙasa da yashi gwargwadon inda aka haƙo ta. Shi ya sa wata fara, wata ja, wata ungurnu, kowacce da ƙarfinta. A nan dai ba duk kanwar ja ba ce. In kika jiƙa ta, sodiyom ya rabu ya koma gefe, ɗan kallo ne, ba ya saye ba ya sayarwa. Mai aikin shi ne iyon (wato atom ko molekil mai ɗauke da caji) ɗin karbonat, CO₃²⁻. Yana da caji biyu na ragi, yana da yunwar furoton, kuma in bai samu kowa ba, ruwan da ya narkar da shi zai yi wa ƙwace:

CO₃²⁻ + H₂O ⇌ HCO₃⁻ + OH⁻

Kin ga inda OH⁻ ya fito. Kanwa ba ta zo da shi a aljihu ba. Molekil ɗin ruwa ne aka fizge wa furoton, abin da ya rage masa shi ne OH⁻. Ruwan toka ma haka yake, sai dai shi karbonat ɗinsa akasari na fotasiyom ne. Kalmar alkali da za ki gani a littattafai daga Larabci Turawa suka are ta, kuma asalinta tokar tsirrai take nufi. Ba ta da dangantaka da alƙalin da ke yanke shari'a, ko da yake kowace shekara sai na samu ɗalibin da ya yi mini wannan barkwancin.

Akwai gwajin da nake yi wa ɗalibai in an samu kayan aiki, don ya cire musu OH daga kai gaba ɗaya. Doguwar kwalba ce mai baki biyu, kamar bututu. A toshe baki ɗaya da audugar da aka tsoma a amoniyak (NH₃), ɗayan da audugar da aka tsoma a asid kiloridirik (HCl) mai kauri. A ajiye, kowa ya yi shiru. Bayan ƴan mintoci sai ki ga wani farin zobe kamar hayaƙi ya bayyana a cikin kwalbar, ba a tsakiya ba, ya fi kusa da gefen asid, domin iskar amoniyak ta fi sauƙi, ta fi saurin tafiya. Iska biyu ce suka haɗu, HCl ya miƙa wa NH₃ furoton, aka samu farin gishiri NH₄Cl. Babu OH⁻ a rubutun wannan cinikin ko ɗaya, amma an yi shi an gama.

Batun ruwa kuwa, jemage ne, a cikin tsuntsaye a ce dabba, a cikin dabbobi a ce tsuntsu. A gaban karbonat shi ya bayar, don haka asid ne. A gaban HCl shi ke amsa: HCl + H₂O → H₃O⁺ + Cl⁻, don haka baz ne. Duka biyun gaskiya ne, abokin cinikin ne ya sauya. Irin wannan mai fuska biyu shi littafinku ke kira amfolit, kuma bikarbonat ma ɗan gidan ne. Har in babu baƙo, ruwa da ruwa suna ciniki tsakaninsu, wani ya miƙa wa ɗan'uwansa: 2H₂O ⇌ H₃O⁺ + OH⁻. Kaɗan ne ƙwarai, a kowane lokaci kamar molekil 1 cikin miliyan 550. Daga nan lambar 10⁻¹⁴ da kuka haddace ta fito, daga nan kuma pH 7 na tsaka-tsaki (pH ma'aunin tsami ne: ƙasa da 7 asid, sama da 7 baz). Wani ɗan Danmak, Søren Sørensen, shi ya ƙirƙiro ma'aunin pH a 1909, yana aiki a ɗakin binciken Carlsberg a Kofanhagan.

Sai dai bakwai ɗin nan ba saukakkiya ba ce. A zafi na digiri 25 take. In zafi ya ƙaru, cinikin ruwa da ruwa yana ƙaruwa, H₃O⁺ da OH⁻ su ƙaru tare. A bazararmu ta Afrilu da Mayu, lokacin da ruwan da ya wuni a jarka ke kai digiri 40, tsaka-tsakin yana wajen 6.8. Ruwan bai zama asid ba, tunda ɓangarorin biyu daidai suke har yanzu. Na sha ganin ɗalibi ya auna tataccen ruwa ya samu ƙasa da 7 ya ce na'ura ta lalace. Wani lokacin zafi ne, amma mafi yawa iskar CO₂ ce ta narke a ciki, wadda kan iya saukar da shi har wajen 5.6 in ya jima a buɗe.

Wani abin da ke ba ni sha'awa har yau shi ne yadda furoton ke tafiya a cikin ruwa. Ba ya ɗaukar ƙafa ya ratsa taro kamar yadda sodiyom ke yi. Kin taɓa tsayawa kallon magina a Birni suna miƙa tubali? Na ƙasa ya jefa wa na tsakiya, na tsakiya ya jefa wa na kan katanga, babu wanda ya bar wurinsa amma tubali ya isa sama. To na ruwa ya fi haka wayo. Furoton ya liƙe wa molekil na farko, shi kuma ya saki wani furoton daga ɗaya gefensa zuwa na biyu, na biyu ya saki nasa zuwa na uku. Wanda ya fito a ƙarshen layi ba shi ne ya shiga a farko ba, amma caji ya ƙetare. Kowane miƙi yana ɗaukar kamar kashi ɗaya ko biyu cikin tiriliyan na daƙiƙa. Shi ya sa H₃O⁺ ya fi iyon ɗin sodiyom ɗaukar lantarki a ruwa kusan sau 7. Theodor Grotthuss ya hango wannan salon tun 1806, ba a ma san akwai wani abu wai shi furoton ba.

Abin da zai fi yi miki amfani a bak shi ne sanin wa zai ba wa. Duk asid da ya bayar ya koma baz, tunda yanzu yana da gurbin da furoton zai iya komawa. Duk baz da ya amsa ya koma asid. Shi ya sa ake rubuta su biyu-biyu kamar tagwaye: NH₄⁺/NH₃, HCO₃⁻/CO₃²⁻, H₃O⁺/H₂O. Bambancin da ke tsakanin tagwayen furoton ɗaya ne tak, ba biyu ba. Nan ɗalibai ke zubar da maki, su haɗa H₂CO₃ da CO₃²⁻ kai tsaye su tsallake na tsakiya.

Kowane gida na tagwaye yana da lambar da ke nuna ƙarfin riƙonsa, ita ce pKa. Ƙaramar lamba, sakin hannu. Babbar lamba, rowa. HCl irin mutumin nan ne da in ya yi kyauta ba ya waiwaye: a ruwa yana bayarwa kakaf, Cl⁻ da ya bari kuwa ba ya neman a mayar masa. Wannan ne asid mai ƙarfi. Asid mai rauni kyautar yara yake yi, ya ba ka yanzu, an jima ya ce a ba shi abinsa, shi ya sa ake sa masa kibiya mai kai biyu. Asid tartarik na tsamiya lambarsa ta farko wajen 3.0 ce, sitirik na lemun tsami 3.1, laktik na nono 3.9, asetik na binegar 4.8. CO₂ da ya narke a ruwa, tare da tagwayensa bikarbonat, 6.4. Amoniyom 9.2. Bikarbonat da karbonat 10.3. Ruwa da OH⁻ suna can ƙarshe a 14. Furoton yana barin gidan mai ƙaramar lamba ya tafi gidan mai babba, kamar yadda ruwan sama ke gangarowa daga kan duwatsun garin nan zuwa tafki. Kowane taki ɗaya na bambanci kuwa ninki goma ne. Daga tsamiya, 3.0, zuwa karbonat, 10.3, taki bakwai ne da ɗoriya, wato rinjayen ya haura miliyan 10. Ba ciniki ba ne wannan, wawaso ne.

Mu koma tukunyar Inna. Tsamin da harshenki ke ji a yakuwa furoton ne yake ji, daga asid irin su sitirik da malik da ke cikin ganyen. Da ta jefa kanwa, karbonat ya amshi furoton na farko ya zama bikarbonat. Tunda miyar tana da sauran tsami, bikarbonat ya amshi na biyu ya zama H₂CO₃, wanda ba ya iya tsayuwa, nan da nan ya rabe gida biyu, ruwa da iskar CO₂. Iskar ce kumfar da kike gani tana tasowa. Kuma tunda ta fice daga tukunya ta bi iska, babu hanyar komawa baya. Furoton ɗin bai ɓace ba, yana nan, amma yanzu a ɗaure yake cikin molekil ɗin ruwa, harshe ba ya jin sa. Ki lura da hannun Inna in tana yi. Ba ta jefa dunƙule, ruwan jiƙon take tsiyayawa kaɗan-kaɗan, ta juya, ta jira kumfa ta kwanta, ta ɗanɗana a tafin hannu, ta ƙara ko ta tsaya. Abin da kuke yi a labo ke nan da bututun awo kuna ɗiga soda a asid, sai dai ita harshenta ne ma'auninta. In hannu ya zarce kuwa kowa a gidan zai sani: miya ta yi baƙi-baƙi, ta yi ɗanɗanon sabulu.

Da yawa cikin dabarun madafa wannan cinikin ne a ɓoye. Koren ganye yana da atom ɗin magneziyom a tsakiyar sinadarin da ke ba shi launi. In aka dafa shi a ruwa mai tsami, furoton biyu su ture magneziyom su zauna a gurbinsa, ganye ya koma ruwan ƙasa-ƙasa. Ƴar ƙwayar kanwa tana kwashe furoton ɗin tun kafin su yi ɓarna, shi ya sa kuɓewa ke fitowa kore shar. Wake ma yana saurin nuna da kanwa, domin ɗankon da ke riƙe ƙwayoyin jikinsa yana saki a ruwan baz. Amma akwai kuɗin da ake biya: bitamin B1 da bitamin C ba sa jure baz a kan wuta, yawan kanwa yana cinye su. Nono kuwa ta ɗaya gefen yake bi. Madarar da aka tatso pH ɗinta wajen 6.6 ne, furotin ɗinta na ɗauke da cajin ragi, kowane ƙulli yana ture ɗan'uwansa, shi ya sa take ruwa. Ƙwayoyin halitta su ci sukarin madarar su fitar da asid laktik, furoton su bi su toshe cajin nan ɗaya bayan ɗaya. Da an iso wajen 4.6 babu sauran turewa, sai su rungumi juna, kindirmo ya kama. Mai awara da ke zuba ruwan tsami a madarar waken soya abin da take yi ke nan, ta gajarta jiran ne kawai.

Kada ki haɗa ƙarfi da yawa, abu biyu ne. Ƙarfi halin asid ne, yawa kuwa nawa aka zuba a lita. Ki ɗauki HCl da asid asetik, kowanne mol 0.1 a lita, wato yawan molekil ɗinsu ɗaya ne. Na farko pH 1 zai ba ki. Na biyu wajen 2.9, domin cikin molekil 100 da ƙyar 1 ya bayar. Amma in kika zo kashe su da soda, soda ɗaya za su ci, ba ragi. Dalili shi ne duk furoton da OH⁻ ya kwashe, marowacin nan dole ya sake fito da wani, har aljihunsa ya ƙare. pH yana gaya miki abin da ke kan faifai ne, ba abin da ke cikin rumbu ba.

Daga wannan rumbun ne maganar tampon, wato ruwan da pH ɗinsa ba ya gusawa da sauƙi, ta fito. In tagwaye biyu suna tare a ruwa ɗaya, kuma kowanne da yawansa, to ruwan ya samu mai raba faɗa. A zuba asid, baz ɗin gidan ya shanye. A zuba baz, asid ɗin gidan ya biya. pH ba ya gusawa sosai daga pKa na gidan. Kanwa ita kanta haka take, tunda karbonat da bikarbonat tare suka zo daga tafki, shi ya sa jiƙonta ke tsayawa wajen 10, ko kin ƙara ruwa ba ya sauka da sauri. Bikarbonat zalla na farmasi kuwa wajen 8.3 yake, tsakiyar 6.4 da 10.3, tunda shi jemage ne. Jinin da ke jikinki da wannan dabarar yake rayuwa. Dole ya zauna tsakanin 7.35 da 7.45, kuma babban mai gadinsa bikarbonat ne da CO₂, kusan kashi 20 na farko ga kashi 1 na biyu. Huhu yana fitar da CO₂, ƙoda tana daidaita bikarbonat. Mai ciwon sukari da asid ya taru masa a jini za ki ga yana jan numfashi mai zurfi ba ƙaƙƙautawa. Jiki ne ke korar CO₂ don ya rage furoton, abin da tukunyar Inna ta yi da kumfa. Wanda aka gani a wannan halin asibiti za a nufa da shi, ba jiƙo ba.

Tunda na ambaci jiƙo, bari in faɗi ra'ayina a kan shan kanwa don ƙwannafi. Tana aiki, babu musu. Ruwan ciki yana da HCl, pH ɗinsa kan sauka ƙasa da 2, kanwa ta amshi furoton, CO₂ ya taso, mutum ya yi gyatsa ya ji sanyi. Amma ɗan kallon nan da na ce ya koma gefe, sodiyom, bai fita da gyatsar ba. Yana shiga jini, yana riƙe ruwa, yana ɗaga hawan jini. Likitocin da suka yi bincike a Zariya tun shekarun 1970 sun danganta yawan kunun kanwa da zafin wankan jego da ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa. Ban ce a bar kunun kanwa ba, ni ma da shi mahaifiyata ta yi jegona. Na ce dai mai hawan jini da mai jego su sassauta hannu.

Wanda ya fi tayar mini da hankali soda ce ta masu sabulu. Ita baz ce mai ƙarfi, OH⁻ ɗinta a shirye yake, kuma mutane sun fi tsoron ruwan batir da ita, alhali wajen cin nama ba ta da baya. Santsin da kike ji in ta taɓa yatsa kitsen fatarki ne ke komawa sabulu. Majema sun san wannan tun kaka da kakanni, da ruwan baz na toka suke jiƙa fata har gashi ya saki kafin a kai ga bagaruwa. An narka soda a robar ruwan sha an ajiye a tsakar gida, fara tas kamar ruwa, yaro ya dawo da ƙishi: haka yawancin haɗarin ke faruwa. In ta zuba a fata ko ido, ruwa za a yi ta kwarara, minti 20 ko fiye, sannan asibiti. Kada wani mai ilimin rabi ya ce a zuba lemun tsami don asid ya kashe baz. A takarda daidai ne, a kan nama kuskure ne, domin haɗuwar H₃O⁺ da OH⁻ tana fitar da zafi, wajen kilojul 57 a kowane mol, ƙuna a kan ƙuna. In an sha ta kuwa ba a sa mutum amai, don za ta sake ƙona hanyar da ta bi. Saboda wannan zafin ne kuma ake zuba asid mai kauri cikin ruwa sannu-sannu, ba a zuba ruwa cikin asid.

Akwai bayani na uku, na Gilbert Lewis ɗan Amurka, shi ma a 1923, wanda ya bar furoton ya dubi elektaron biyun nan da ake liƙewa a kansu. Sai kin shiga jami'a zai zame miki dole, yanzu ki bar shi. Abin da zan ja miki kunne a kai shi ne kada ki cakuɗa miƙa furoton da miƙa elektaron, babi biyu ne daban a littafinku. A rijiyar marina duka biyun suna aiki tare: toka ce ke mayar da ruwan baz, amma abin da ke sa baba ya narke ya shiga zare, sannan ya koma shuɗi in an ɗaga shi ya sha iska, wannan cinikin elektaron ne.

In kina son ki ga abin da idonki, ba sai kin jira labo ba. Ki jiƙa zoɓo a ruwan zafi, ba sukari ba kayan ƙamshi, ki tace, ki sirka shi har ya zama ja mai haske da ake hango yatsa ta cikinsa. Ki zuba a kofunan shayi na gilashi guda uku, ki jera su a kan farar takarda. Na farko ki matsa masa lemun tsami, zai ƙara ja. Na biyu ki bar shi. Na uku ki ɗiga masa jiƙon kanwa da cokali, ɗigo-ɗigo, kina kaɗawa. Jan zai dushe, ya bi ta shuɗi-shuɗi mai duhu, ya ƙare a kore mai kama da baƙi. Sinadarin da ke ba zoɓo launi shi kansa asid ne mai rauni: da furoton a jikinsa ja ne, in karbonat ya ƙwace sai siffarsa ta sauya, hasken da yake sha ya sauya. Kada ki bar shi ya jima, don baz yana lalata shi in ya daɗe. Ki matsa lemun tsami a kofi na ukun nan take, za ki ga ƴar kumfa ta taso, jan ya dawo. Sai ki ɗauki kaye ki rubuta mini tagwayen da suka yi ciniki a kowane mataki, wa ya bayar, wa ya amsa, ki aiko in duba. Ki gaida Inna, ki ce mata a ɗan rage hannu a kanwar wake.